Ranar da Aka Yi Gwanjon Wule

Malam Bube ya yi aikin malamin dabbobi a Kebbe tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari fat. Babu rugar da tsohon mashin ɗinsa bai shiga ba, daga Kuchi har Girkau, jakar allura a baya, takalmin roba a ƙafa. Fulani Likita suke ce masa, kuma ko da ya yi ritaya sunan bai sake shi ba.

Zaman gida ne bai karɓe shi ba. Gonarsa ba ta da girma, 'ya'yansa maza suna Sakkwato wurin aiki, shi kuwa bai iya zaman majalisa ba. In ya zauna da tsofaffi a gindin dogon yaro, kafin a gama gaisawa ya fara hamma. Wata rana aka yi wa ƙofar gidansa fenti, mai fentin ya bar ragowa a gwangwani. Malam Bube ya tsinci guntun falanki a bayan ɗaki, ya tauna bakin asuwaki har ya yi laushi, ya tsoma, ya zana saniya. Ta fito kamar jaki. Ya juya falankin ya sake.

Daga nan abin ya kama shi. Ya sayi ƙananan gwangwanayen fenti da buroshi, ya shiga bin shagon kafinta yana tsintar guntayen katako. Ba ya zana mutum. Shanu ne kawai, sai itatuwa da bakin gulbi, kuma duk saniyar da ya zana ya taɓa sa mata hannu, ko ya yi mata allura ko ya karɓi haihuwarta. Da wasu maƙwabta suka fara ƙorafin zanen mai rai, ya je ya tambayi limamin unguwa. Liman ya ce malamai sun yi saɓani a kai, ya dai kauce da su daga inda yake salla. Sai ya riƙa jera su a tsohon ɗakin kaji, har matarsa Safiyatu ta ce kajin sun koma kwana a kan katanga.

A nan Nuriyya ta same su da ta zo gaisuwar Salla. Ɗiyar ƙanwarsa ce, tana koyar da zane a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal. Ta tsuguna a bakin ɗakin tana ɗaga falankan ɗaya bayan ɗaya, tana hure musu ƙura.

"Kawu, mi kaka yi da waɗanga duka?"

"Ajiye su nika yi."

"Har yaushe?"

"Har gara ta gama da su."

Ta yi dariya, sannan ta gaya masa abin da suke shiryawa. Ita da wasu masu zane na Tambuwal da kewaye sun gaji da jin cewa zane kayan manyan birane ne. Za su yi gwanjo ranar kasuwa. Kowa ya kawo ƙaramin aiki wanda za a iya sa wa a jaka, kuma kada a fara tayin komai da abin da ya wuce kuɗin zakara, domin malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti su iya saye ba su yi nadama ba.

Malam Bube ya girgiza kai. "Ke Nuriyya, wa za ya ba da kuɗinai shi sayi saniyar da ba a tatsa?"

Safiyatu ce ta amsa daga bakin murhu. "Ɗebi, ɗiyata. Ɗebi ki rage man su, ko kajina su samu wurin kwana."

Nuriyya ta zaɓi 'yan kaɗan ta naɗe a tsohon zane. A cikinsu akwai na wata jar saniya mai farin goshi, tana tsaye a bakin ruwa ta ɗan ɗaga ƙafar baya ɗaya. Malam Bube ya so ya ce a bar masa wannan, amma kunya ta hana shi.

Ranar gwanjo ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau kabu-kabu zuwa Tambuwal. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta caɓe, sau da yawa sai ya sauka ya taka da ƙafa yana riƙe da bakin riga. Duk tsawon hanyar abu ɗaya yake tunani: yadda za a ɗaga aikinsa a gaban jama'a, a yi shiru, wani ya yi tari.

An kafa rumfa a filin makarantar firamare da ke daura da kasuwa, an jera bencina, maza a gefe mata a gefe. Mutane sun taru fiye da yadda aka zata, amma da yawansu kalmar gwanjo ce ta kawo su. Wata tsohuwa ta zagaya teburin sau biyu tana leƙa ƙarƙashinsa, sannan ta tambayi Nuriyya inda aka zuba rigunan yara. Da aka yi mata bayani ta ce ai tunda ta riga ta zo, za ta zauna ta ga ƙarshen wannan abin.

Malam Bube ya bi teburin yana kallo, hannuwansa a baya. Akwai furannin da Zahara'u, wata nas ta asibitin gari, ta ɗinka da zare a kan baƙin yadi. Akwai ƙananan alluna masu zayyana, da ƙore da aka sassaƙa aka ƙona musu ado. Abdulganiyyu, mai rubuta allunan shaguna, ya kawo zanen tashar mota da motocin Sakkwato a jere. Shi ne ya tsaya a gaban shanun Malam Bube ya daɗe, sannan ya juyo.

"Baba, kai kay yi waɗanga?"

"Ni na, ɗana. Wasa na kawai."

"Wanga ba wasa ba na. Amma katakon shina shanye maka fenti. Ka fara shafa mai fari, ka bari shi bushe, sannan ka yi zanenka. Za ka ga jan ya tashi."

Malam Bube ya ji daɗin maganar fiye da in yabo ne zalla. Suka tsaya suna hirar buroshi kamar sun daɗe da sanin juna.

Mai gwanjon kuwa ya san shi tun da daɗewa. Sunansa Tambaya, dillalin shanu ne a kara, gajere mai ƙaton murya, wanda bai taɓa sayar da abin da ba ya numfashi ba. Nuriyya ta ɗauko shi ne don babu wanda ya kai shi iya riƙe taro. An miƙa masa lasifika ya ce a mayar, tasa ta gado ta ishe shi. Da ya hango Malam Bube sai ya ɗaga sanda.

"A'a, Likita! Da kai ka hana ni saida marasa lafiya, yau kuma kai ka kawo man na katako?"

Aka yi dariya, aka buɗe da addu'a, aka fara.

Da farko mutane sun noƙe. Kowa na kallon na kusa da shi. Tambaya ya ɗaga zanen tashar mota sama da kansa. "Jama'a, ga tasha guda! Babu hayaƙi, babu ɗan kamasho mai ja maka riga, kuma motocin ga ba su lalacewa ga hanya. Wa za ya taya?" Wani direba ya taya don wasa, abokinsa ya ƙara don ya ba shi haushi, kafin a ankara shugaban direbobi ya saye ya ce a ofishinsu za a rataye. Daga nan bakin mutane ya buɗe. Furannin Zahara'u abokan aikinta suka yi ta ja-in-ja a kansu. Tsohuwar da ta zo neman rigunan yara ta tafi da ƙaramar ƙwarya mai adon tsuntsaye, tana cewa ba za ta taɓa dama fura a ciki ba.

Shanun Malam Bube na farko sun tafi ba tare da wata hayaniya ba. Wani malamin makaranta ya ɗauki ɗaya, mai kemis ya ɗauki ɗaya. Kuɗin ba su da yawa, amma duk lokacin da Tambaya ya buga sandarsa a tebur, sai Malam Bube ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa. Ya daina murza hularsa.

Sai aka zo kan jar saniyar.

"To ga uwar garke," in ji Tambaya. "Ku dubi tozo, ku dubi goshi. Ba ta cin dusa, ba ta shiga gonar kowa, ba a kai ka gaban alƙali sabili da ita. Dubu biyu anka fara."

Wani saurayi mai tabarau ya ɗaga hannu. Jamaluddeen ne, akawu a sakatariya. Tun da aka buɗe taron yake zaune daidai inda zanen yake, bai taya komai ba. Ya ce dubu biyu da ɗari biyar. Tambaya ya zagaya da zanen, ya kira, ya sake kira. Rana ta yi zafi, mutane sun fara gajiya, babu wanda ya motsa. Ya ɗaga sanda zai buga.

"Albarka!"

Muryar mace ce daga bayan rumfa. Kowa ya juya. Wata Bafillatana ce mai matsakaicin shekaru, siririya, tana zaune a gaban ƙwaryar nononta inda tun safe take dama wa 'yan kallo fura. Ta miƙe tsaye, ludayi a hannu. Albarka kuwa mai kaya ne ke faɗinta in tayi bai yi masa ba, don haka wurin ya kece da dariya.

"Inna," in ji Tambaya, "nan gwanjo na. Ba a cewa albarka. In tayin bai yi maki ba, sai dai ki ƙara."

"To na ƙara."

"Nawa?"

"Dubu fuɗu."

Dariyar ta tsaya. Malam Bube ya tashi daga benci ya ƙura mata ido, sai ya gane ta. Batula ce, matar Na'iya, waɗanda rugarsu take can bayan Kuchi kafin daji ya lalace su tashi. Jar saniyar tasu ce. Wule suke kiranta saboda farin goshin, kuma shi ya yi ta jinyar ƙafar nan da take ɗagawa.

Jamaluddeen ya gyara tabarau ya ce dubu biyar. Batula ta ce shida, ba ta ko dube shi ba. Tambaya ya ga abin da ya saba gani a kara, jininsa ya motsa. Ya tsaya a tsakiya yana juya zanen daga wannan zuwa waccan, yana kiran saurayin ɗan boko, yana kiran Batula uwar ruga. Mata suka koma bayan Batula, suna guɗa duk lokacin da ta ƙara. Abokan aikin Jamaluddeen suna zuga shi kada ya ba sakatariya kunya. 'Yan kasuwa da suka ji hayaniya suka baro rumfunansu.

Malam Bube kuwa hankalinsa ya tashi. Ya san abin da ƙwaryar nono ke kawowa a yini. Ya yi ta ɗaga mata hannu yana nuna ta bari, zai yi mata wani kyauta, amma ba ta kula shi ba.

Da saurayin ya kai dubu goma sha biyu, muryarsa ta ɗan yi rawa. Batula ta dube shi a karon farko, ta dubi zanen, sannan ta gyaɗa kai.

"Yanzu kam an yi ciniki. Ba shi."

Ta koma ta zauna ta ci gaba da dama fura. Tambaya ya buga sanda da ƙarfi har wata ƙwarya ta yi tsalle a kan tebur. Babu aikin da ya yi tsada kamar wannan a ranar.

Bayan an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, Malam Bube ya nufi inda take. Ta rusuna ta gaishe shi, ya tambaye ta Na'iya da yara, ta ce suna nan lafiya, sun zauna a gefen Jabo, wani manomi ya ba su wuri suna ba shi taki.

"Batula, kin tsorata ni yau. Ina Wule?"

Ta ajiye ludayin. "Likita, ai Wule ba ta iso da mu ba. Ranar da munka taso, ƙafar nan ta hana ta tafiya. Ga yara, ga tsoho, ba mu iya jiranta. Wani mahauci yag gan mu ga hanya, yas san ba mu da zaɓi. Abin da yab ba mu, ko kuɗin ɗan maraƙi bai kai ba. Saniyar da tar riƙe gidana da nono. Yau ina zaune sai nig ga an ɗaga ta, za a sake bada ta a banza. Nic ce wallahi ba a gabana ba."

Jamaluddeen yana tsaye a bayansu da zanen a hammata, ya zo ne ya gaisa da wanda ya yi shi. Duk ya ji. Ya tsuguna a gabanta ya miƙa mata falankin da hannu biyu.

"Inna, ban san taki ta ba. Ki riƙe, na ba ki."

Batula ta goge hannunta a zane, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ta shafa farin goshin da yatsa. Sannan ta mayar masa.

"A'a, ɗana. Ina nika rataya ta? Bukkata hayaƙi, damina kuma yoyo. Kai kana da ɗaki mai siminti?"

"Ina da shi."

"To can ta fi dacewa. Ni ba saye niz zo yi ba. So nika yi ta tafi da daraja, kuma ta tafi."

"In da ni nij janye fa?" ya tambaye ta. "In da ke anka buga wa sanda?"

"Da na saida tunkiya," in ji ta. "Da kuma Na'iya ya yi faɗa har kaka."

Suka yi dariya su ukun. Malam Bube ya tambayi saurayin abin da ya sa ya nace haka. Jamaluddeen ya ce shi ma bai sani ba. Bai taɓa kiwo ba, a gari aka haife shi. Kawai tun da ya shigo yake ganin kamar saniyar tana jiran wani ne a bakin ruwan, ya kasa tashi daga gabanta. Ya roƙi a rubuta masa sunanta a baya, Malam Bube ya ari biro ya rubuta. Batula ta dama musu fura ta ƙi karɓar ko kwabo, Tambaya ya zo ya shanye rabin ta Malam Bube ya ce la'adarsa ke nan.

Da za su rabu ta ce, "Likita, Wule ta bar ɗiya. Ita ka riƙe da mu yanzu. In ka samu sarari ka zo ka gan ta."

Ya koma Kebbe da yamma, da kuɗinsa a aljihu da gwangwanin farin fenti da Abdulganiyyu ya raka shi ya saya. Safiyatu ta sa ya ba ta labarin sau biyu, a na biyun ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji.

Bayan an yi girbin gero ya shirya ya tafi Jabo, da sabon falanki da ya shafa wa fari. Rugar tana bayan gari a gefen wata gonar dawa. Na'iya ya tarye shi tun daga nesa, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, suna ta gaisawa har bakin bukka. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar gawo, aka jawo saniyar.

Ko kaɗan ba ta yi kama da uwarta ba. Baƙa ce wuluk, gajera, mai faɗin ciki, ga rashin haƙuri. Na'iya ya riƙe igiya yana yi mata magana da Fillanci, ita kuwa tana juya wa mai zane baya. In ya zagaya ta gaba sai ta sake juyawa. Sau ɗaya ta kai wa gwangwanin fenti shuri, saura kaɗan ya kife. Batula tana daga bakin bukka tana kaɗa nono tana dariya, ta ce halin ubanta ta ɗauko.

Bai kai ga gama kai da wuya ba sai wani makiyayi daga rugar gaba ya iso, ya ji labarin Likita ya zo. Ya ce yana da bijimi fari da yake so a zana masa kafin ya kai shi kara, amma kafin nan, ko Likita zai duba masa wata karsana da ta daina cin abinci? Malam Bube ya ce shi fa ya yi ritaya. Ya faɗi haka ne yana naɗe hannun riga.

Ya duba karsanar, ya buɗe bakinta, ya gaya musu maganin da za su sayo a Tambuwal da yadda za su ba ta. Ya dawo ya wanke hannu, aka kawo tuwon gero da man shanu yana narkewa a kai. Bayan azahar iska ta taso mai sanyi, baƙar saniyar ta gaji da rigima ta kwanta a gindin gawon tana tuƙa, idanunta a lumshe.

"Yawwa," in ji Na'iya a hankali. "Yi maza, Likita, tun ba ta canza shawara ba."

Malam Bube ya jawo falankin kan gwiwarsa ya tsoma buroshi.